Idan Sabon Windows na Gwaji Ya Ƙi Hawa Kwamfuta

Tun watan Oktoban 2014 kamfanin Microsoft ya buɗe shirin Windows Insider, wanda ke ba duk mai kwamfuta damar ɗora sabon Windows kafin a sake shi ga jama'a. Ana aiko waɗannan sigogi na gwaji ta tashoshi daban-daban. A Maris 2023 aka ƙara tashar Canary a kan Dev da Beta da Release Preview, kuma a lokacin ita ce ta fi kowacce ɗanyen aiki, yayin da Release Preview ke dab da abin da za a ba kowa. Tunda kayan gwaji ne, ƙin hawansu ba abin mamaki ba ne. Sau da yawa kwamfutar lafiyarta ƙalau, kuma Windows yakan bar alamar da ke nuna inda aikin ya cije.

Sabuntawar tana bin matakai uku: a sauke fayiloli daga intanet, a shirya su yayin da kwamfutar ke aiki, sannan ta kashe kanta ta sake tashi don kammalawa. Sanin matakin da abin ya tsaya shi ne rabin gyara. Idan a wajen saukewa ne, galibi laifin intanet ne ko ƙarancin wuri. Idan kuwa an kai wajen sake tashi, lissafin da ke kan allo ya haura zuwa wani kaso sannan Windows ya sanar cewa yana warware canje-canjen da ya yi, to zargi ya fi komawa kan direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da sassan kwamfuta kamar katin hoto da na sauti da firinta.

Lambar kuskure

A cikin Settings, ƙarƙashin Windows Update, akwai shafin Update history da ke jera kowace sabuntawa da sakamakonta. Wadda ta gaza tana zuwa da lamba mai farawa da 0x, kuma ya kamata a kwafe ta a takarda kafin a taɓa komai. Lambar 0x80070070 na nufin babu isasshen wuri a ma'ajiyar kwamfuta. Lambar 0x80073712 na nuna cewa wani fayil da Windows Update ke buƙata ya lalace ko ya ɓace. Duk lambar da ta fara da 0xC1900101 yawanci matsalar direba ce, 0xC1900208 kuwa wata manhaja ce da aka girka take tare hanya saboda ba ta jituwa da sabuwar sigar. Ita kuma 0x800F0922 takan fito idan kwamfuta ta kasa isa rumbunan Microsoft, kamar lokacin da VPN ke kunne, ko idan ɗan yankin da aka keɓe wa tsarin a cikin faifai ya cika.

Daga mai sauƙi ake farawa

Kafin a shiga gyara mai zurfi, a fara kwashe hotuna da takardu zuwa faifan waje. Sannan a duba wuri: Microsoft na ba da shawarar a bar aƙalla gigabait 20 a sarari kafin a ɗora sabon Windows mai bit 64. A cire duk abin da aka jona ta USB in ban da linzami da allon rubutu. A kuma kalli agogon da ke kusurwar allo. Tsofaffin kwamfutocin hannu na biyu sukan zo da mataccen ɗan batirin agogo, mai kama da maɓallin riga, sai kwanan wata ya koma shekarun baya duk lokacin da aka kashe su, rumbunan Microsoft kuma su ƙi amincewa da haɗin.

Wuta da data ma suna da nasu rabon. Sigar gwaji takan kai gigabait da yawa, kuma idan an saita intanet ɗin a matsayin mai ƙididdigar data, kamar yadda masu jona kwamfuta da waya kan yi, Windows na iya jinkirta saukewa. Inda ake yawan ɗauke wuta, bai kamata a fara mataki na uku ba sai batiri ya cika ko akwai inbata, domin mutuwar kwamfuta a tsakiyar girkawa ta fi kowace lamba ɓarna. Akwai kuma sharaɗin da ake yawan mantawa: shirin Insider na buƙatar a bar aika bayanan bincike na zaɓi a kunne. Idan an kashe shi, sabbin sigogi sukan daina zuwa.

Gyaran fayiloli

Idan waɗannan ba su warware ba, sai a buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa. Umarnin DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth yana gyara rumbun da Windows ke ɗebo fayilolinsa na asali, bayansa sai sfc /scannow ya duba fayilolin tsarin ya maye gurbin waɗanda suka lalace. A bi su a wannan jeri, domin na biyun daga rumbun da na farko ya gyara yake ɗauka. DISM yakan daɗe a kan kaso ɗaya kamar ya sandare, maganin haka shi ne haƙuri.

Wani lokaci abin da aka sauke ne ya zo a gurɓace, Windows kuma ya yi ta maimaita girka shi. Yana ajiye irin waɗannan fayiloli a jakar SoftwareDistribution da ke cikin jakar Windows. Ana tsayar da aikin sabuntawa da umarnin net stop wuauserv da net stop bits, a sauya wa jakar suna, sannan a sake kunna kwamfutar. Windows zai ƙirƙiri sabuwa ya sauke komai daga farko. Ga matsalar direba kuwa, Microsoft na da ƙaramar manhaja mai suna SetupDiag da ke karanta bayanan girkawar da ta gaza, sau da yawa har ta ambaci sunan direban da ya jawo komawa baya. Sai a sabunta shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a kuma cire rigakafin bairos na wani kamfani na ɗan lokaci.

Idan kwamfutar ta ƙi tashi

Bayan Windows ya kasa tashi sau biyu ko uku a jere, yakan buɗe shuɗin allon ceto da kansa. Daga Troubleshoot a shiga Advanced options, a zaɓi Uninstall Updates don cire sabuntawar ƙarshe. Idan faifan na kulle da BitLocker, za a nemi mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai kwamfutar, shi ya sa ake so a rubuta shi tun ana zaune lafiya. Idan kuwa sabuwar sigar ta hau amma tana ba da wahala, akwai Go back a shafin Recovery. Kwana 10 kawai yake aiki, kuma ya dogara ga jakar Windows.old, don haka wanda ya goge ta don neman wuri ya toshe wa kansa hanyar komawa. Bayan wannan wa'adi, mai son sauka daga sigar da lambarta ta haura ta Windows na kowa sai ya goge komai ya girka sabo.

Abu na ƙarshe shi ne kai rahoto ta Feedback Hub, da ake buɗewa da maɓallin Windows da harafin F. A Oktoban 2018 Microsoft ya janye sigar 1809 ta Windows 10 kwanaki kaɗan bayan sakinta, saboda tana goge wa wasu mutane fayiloli, alhali masu gwaji sun riga sun kai koken amma ya nutse cikin tarin rahotanni. Sai 13 ga Nuwamba aka sake fitar da ita, kuma kamfanin ya ƙara wurin da mai rahoto zai nuna girman matsalarsa. Rahoton da ya fi amfani shi ne wanda ya ƙunshi lambar kuskure, da matakin da aikin ya tsaya, da lambar sigar Windows, wadda umarnin winver ke nunawa.