Me ya sa kwamfuta mai ƙwaƙwalwa takwas take aiki da guda ɗaya?

Tun wajen shekarar 2005 kamfanoni irin su Intel da AMD suka daina dogaro da ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfuta gudu, domin zafi da cin wuta sun yi yawa. Sai suka koma haɗa ƙwaƙwale da dama wuri guda. Wayar da ke hannunka ma ƙila takwas gare ta. Sai dai manhajar da aka rubuta a tsohon salo guda ɗaya take sa wa aiki, sauran suna zaune.

Mafi yawan aikin manhaja zagaye ne: a bi jerin bayanai ɗaya bayan ɗaya, ana maimaita abu guda a kan kowanne. A harshen C++ ana zuba bayanan cikin mazubai da harshen ya tanada, kamar std::vector da std::list. Ƙa'idar C++17, wadda hukumar ISO ta fitar a 2017, ta ba da damar a rubuta std::execution::par cikin umarnin tsara jeri ko bin sa, sai a rarraba aikin ga ƙwaƙwalen baki ɗaya. Kafin nan akan nemi taimakon OpenMP, wanda ya fito tun 1997.

Ba kowane mazubi ke rabuwa cikin sauƙi ba. Bayanan std::vector a jere suke, ana iya yanka su kashi takwas nan take. Na std::list kuwa sarƙa ne, ba a kai ga na dubu sai an ratsa duk na gabansa, don haka ribar rabon takan zama kaɗan.

Haɗarin ya fi tsanani wajen lissafi. Ɗauki misalin ƙidayar ƙuri'u: idan malaman zaɓe biyu suna rubutu a takarda ɗaya, kowanne ya ga 500, kowanne ya rubuta 501, ƙuri'a guda ta salwanta ba wanda ya lura. Haka ke faruwa idan ƙwaƙwale biyu suka taɓa lamba ɗaya a lokaci guda, kuma ƙa'idar ta ɗora alhakin kauce wa hakan a wuyan mai rubuta manhaja. Maganinsa shi ne kowa ya ƙirga akwatinsa, a tattara daga baya, wanda shi ne aikin std::reduce. Abin takaici, irin wannan kuskure yakan ɓuya a lokacin gwaji. Makamancinsa ne ya kashe na'urar gargaɗi ta wani kamfanin lantarki a jihar Ohio ranar 14 ga Agusta 2003, lamarin da ya taimaka wajen jefa mutum kusan miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada.

Saurin ma yana da iyaka. Gene Amdahl ya nuna tun 1967 cewa ɓangaren da ba ya rabuwa shi ke kayyade ribar. Idan kashi 10 cikin 100 na aikin dole a yi shi bi da bi, ƙwaƙwale takwas ba za su ninka saurin sau biyar ba, dubu ma ba za su kai shi ninki goma ba.