Zaɓen Fidda Gwani: Ihu a Waya, Ƙuri'a a Hannun Daliget

Duk lokacin da jam'iyyu suka fara shirin tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa, kasuwar gardama takan buɗe a Facebook da WhatsApp da TikTok. Matasan mazaɓar Beli, kamar takwarorinsu na Rogo da Ƙaraye, ba a barinsu a baya. A teburin mai shayi ko shagon cajin waya za ka tarar an yi cincirindo a kan waya ɗaya, ana kallon jerin sunayen da aka ce na daliget ɗin da suka koma bayan wane ne. Wannan ya rantse cewa gwaninsa ya gama lashewa, wancan ya ce ƙarya ce, an jima kaɗan sai zagi ya shigo. Amma da za a tambayi masu wannan musu sunan mutumin da zai je Abuja ya jefa ƙuri'a da yawunsu, kaɗan ne za su iya faɗa.

Dokar zaɓen da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Fabrairun 2022 ta ba jam'iyyu hanyoyi uku na fidda gwani a wancan lokacin. Akwai 'yar tinƙe, wato ƙato bayan ƙato, inda duk mai katin jam'iyya yake da ƙuri'a. Akwai zaɓen daliget, inda wasu wakilai ƙalilan suke zaɓa a madadin kowa. Sai kuma masalaha, inda sauran masu nema suke janyewa a rubuce su bar wa mutum ɗaya. A waccan shekarar manyan jam'iyyun biyu, APC da PDP, hanyar daliget suka bi.

A da, shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisa da manyan shugabannin jam'iyya kai tsaye suke zama daliget saboda muƙaminsu. Sashe na 84 na dokar ya ce waɗanda aka zaɓa musamman don wannan aiki ne kaɗai za su yi zaɓen. 'Yan majalisa sun farga cewa sun cire kansu da hannunsu, suka yi gaggawar gyara, amma shugaban ƙasa bai sa wa gyaran hannu ba har aka yi zaɓukan. Sai adadin masu zaɓe ya ragu ƙwarai. PDP ta ɗauki daliget ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma cikin 774, ta ƙara da wakilan masu buƙata ta musamman. APC kuma ta ɗauki uku-uku. Ma'ana, duk faɗin ƙaramar hukumar Rogo, da Beli da sauran mazaɓunta, mutum ɗaya ne ya wakilce ta a PDP, uku a APC.

Sakamakon ya nuna tazarar da ke tsakanin waya da akwati. Ranar 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, Atiku Abubakar ya samu ƙuri'a 371, Nyesom Wike ya samu 237. Abin da ya fi sauya lissafin daren shi ne janyewar da gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya yi, ya ce magoya bayansa su zaɓi Atiku. A taron APC na dandalin Eagle cikin watan Yuni, Bola Tinubu ya samu 1,271, Rotimi Amaechi 316, mataimakin shugaban ƙasa na lokacin Yemi Osinbajo 235, Ahmad Lawan kuma 152. Osinbajo yana da masoya masu ƙarfin murya a intanet, amma na uku ya zo. Lawan kuwa shugaban jam'iyya na lokacin Abdullahi Adamu ne ya ambata shi a matsayin ɗan masalaha ana gab da taron, gwamnonin APC na Arewa suka ƙi, suka tsaya kan mulki ya koma Kudu. A wurin taron wasu masu nema, ciki har da gwamnan Jigawa na lokacin Badaru Abubakar, suka janye wa Tinubu.

Wannan ya nuna inda igiyar take. Daliget ba daga sama yake faɗowa ba. Asalinsa zaɓen shugabannin jam'iyya ne na mazaɓa da na ƙaramar hukuma, wanda akan yi watanni kafin babban taro, lokacin da hankalin jama'a yake wani wuri. Sau da yawa ba a ma kaɗa ƙuri'a: ana kawo takardar sunaye daga sama, a karanta, a tafa, a watse. Wanda ya rubuta takardar nan, ko gwamna ko wani jigo, shi ne mai daliget. Shi zai ɗauki nauyin motarsu zuwa Abuja, ya kama masu masauki, ya kuma sa ido kan wanda ke shiga wurinsu. Ga kuma zancen kuɗi. Fom ɗin neman takara kaɗai naira miliyan 100 APC ta sayar da shi, PDP miliyan 40. An yi ta ba da rahoton rabon daloli ga daliget, har jami'an EFCC suka bayyana a wurin taron PDP.

Wasu na ganin 'yar tinƙe ce magani, tunda sayen mutum uku ya fi sayen dubbai sauƙi. Da gaskiyarsu, amma ita ma tana da nata ciwon. A 2018 APC ta yi 'yar tinƙe, aka sanar cewa Buhari ya samu ƙuri'a kusan miliyan 2.9 a jihar Kano kaɗai. Da aka zo babban zaɓen 2019, inda kowa ke da damar zaɓa, abin da ya samu a Kano bai kai miliyan 1.5 ba. Muddin rajistar 'yan jam'iyya ba ta da tsafta, to mai riƙe da alƙalami ne zai rubuta adadi. A Amurka ma daliget ne suke tabbatar da ɗan takara a babban taro, sai dai mafi yawansu ana raba su ne gwargwadon ƙuri'ar da jama'a suka kaɗa jiha bayan jiha, don haka ra'ayin mai zaɓe yana bin wakilinsa har zauren taro.

Ba ana nufin muhawarar intanet aikin banza ba ce. Tana da tasiri, amma a wani fagen. Rabi'u Musa Kwankwaso ya bar PDP ya koma NNPP, Peter Obi ma ya fice ya shiga jam'iyyar Labour ana saura kwanaki a yi zaɓen fidda gwani na PDP. A babban zaɓen 2023 Kwankwaso ya lashe Kano da ƙuri'a 997,279, Obi kuma ya lashe Legas. A nan farin jini ya yi aiki, domin talaka ne da kansa a gaban akwati. Matakai biyu ne daban, kuma rashin bambance su ne yake sa matashi ya ƙona datarsa, ya ɓata da ɗan'uwansa, a kan zaɓen da ba shi da ƙuri'a a ciki.

Akwai kuma wani abin lura. Kamar yadda muka saba da sojojin baka a gidajen rediyon Kano, haka intanet take da nata 'yan amshin shata da ake saya wa data. Aikinsu su nuna cewa ubangidansu ya riga ya yi nasara, don a karya gwiwar abokin hamayya, a kuma ja hankalin masu jiran su ga inda iska ta kaɗa. Daga nan ne jerin sunaye na bogi da tsofaffin hotuna da muryoyin da ba a san mai su ba suke fitowa. Kafin ka tura wa wani, duba ko wata kafar labarai da ka yarda da ita ta kawo, ko jam'iyyar ta sanar da bakinta.

Wanda yake son ra'ayinsa ya yi nauyi, hanyar a kusa take. Ya yanki katin jam'iyyar da ya yarda da ita a mazaɓarsa. Ya san shugaban mazaɓa da sakatarensa, ya bibiyi ranar da za a yi zaɓen shugabanni, ya halarta tare da abokansa, su nemi a ƙirga mutane a bainar jama'a. Ya bincika wace hanya doka da jam'iyyarsa suka tanada a wannan karon, domin dokar zaɓe takan sauya. Idan kuma aka tura wakili daga Rogo ko Ƙaraye, to ɗan gida ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da kasuwa da wurin ɗaurin aure. Babu laifi a tambaye shi cikin mutunci wa ya zaɓa, kuma don me. Daliget ɗin da ya san za a yi masa wannan tambaya in ya dawo gida, sai ya yi tunani kafin ya sayar da ƙuri'ar jama'arsa.