Azumin Kwana Arba'in da Haƙƙin Ɗan Ƙwadago

A shekarar 2025, Musulmi sun ɗauki azumin Ramadan ranar 1 ga Maris, Kiristoci kuma suka shiga nasu ranar 5 ga wata, wato Larabar Toka. Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke tsakanin Gwarzo da Kabo a makonnin nan, ya san wace irin rana aka sha. Ana ta sharar gona, rijiyoyi sun ja baya, rumbu kuma ya fara nuna gindinsa. A cikin irin wannan yanayi ne Kiristoci Hausawa na yammacin Kano, musamman 'yan Katolika da Angilikan, suke sauraron karatun wannan lokaci kowace shekara.

Azumin kwana arba'in ne, ba a ƙirga ranakun Lahadi, yana kaiwa ga bikin Ista. Yana tuna kwanakin da Yesu Almasihu ya yi cikin jeji ba ci. Ranar farko ana karanta Annabi Yowel, sura ta 2, mai kira ga tuba daga zuci, da Matiyu, sura ta 6, inda aka hana yin sadaka da addu'a da azumi don idon jama'a. Tun 1932 ake da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, saboda haka manomi yana jin saƙon da harshen da aka raine shi.

Karatun da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Juma'ar farko, Ishaya sura ta 58. Mutane sun kai kuka cewa sun yi azumi Allah bai duba ba. Amsar da aka ba su ita ce, a ranar da suke azumin suna matsa wa ma'aikatansu. Aka ce azumin da ake so shi ne a kwance wanda aka ɗaure da zalunci, a ciyar da mayunwaci, a suturta marar tufa.

Mu kawo wannan karatu Madadi. Mai gona ya ɗauki yara sharar gona, ya ce su dawo ran kasuwa, kasuwa ta ci sau uku bai biya ba. Mai hali ya ba maƙwabcinsa bashin dawa da bazara, a kan za a biya ninki da kaka. Mai awo ya ɓoye hatsi yana jiran marka, farashi ya hau. Dukansu suna iya shan toka a goshi, su ƙaurace wa nama ran Juma'a. Tambayar Ishaya tana nan tana jiransu a ƙofar coci.

Ina roƙon limaman coci da masu wa'azin ƙauye, idan sun zo kan wannan sura kada su yi mata tsallake. Su ambaci kuɗin ƙwadago da bashin hatsi da sunansu. Iyalin da ya rage cin abinci sau ɗaya a yini, ya auna abin da ya rage a kwano, ya kai gidan gwauruwa da dare, ba tare da tambayar inda take sujada ba. Wanda kuma yake riƙe da haƙƙin ɗan ƙwadago, ya biya shi kafin Ista.