"Gasket Ya Ƙone": Gyaran Saman Injin Mota da Harshen Kanikawa a Jega da Aliero da Maiyama

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin aikin gasket ɗin saman inji, da dalilan lalacewarsa, da matakan sauya shi, bisa la'akari da yanayin Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi. Ta nuna cewa Hausar gareji ta wadata da sunayen sassan inji da aikatau, amma tana da ƙarancin kalmomin awo, alhali a kan awo ingancin gyaran ya dogara.

1.0 Gabatarwa

Jega mahaɗa ce. Hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Aliero tana isowa nan, ta zarce Maiyama da Koko da Yawuri, wani reshe kuma ya nufi Birnin Kebbi. A kan wannan hanya ake jigilar albasar da Aliero ta yi suna da ita, kuma kakarta tana haɗuwa da watannin bazara, lokacin da zafi kan haura digiri 40. Mota mai lodin da ya wuce kima a irin wannan zafi ita ce ta fi kusa da jin hukuncin da direbobi ke tsoro daga bakin bakanike: "Gasket ya ƙone." Tsayuwar kwana biyu a gareji asara ce ga direba, kuma albasar da ke jibge a rana tana iya ruɓewa.

2.0 Mene Ne Gasket?

Injin mota gida biyu ne da aka kifa. Na ƙasa shi ne bulok, inda fistin ke hawa da sauka. Na sama shi ne tofsilinda, mai ɗauke da bawul da fulogi. Gasket wani faifai ne siriri mai ramuka da ake shimfiɗawa a tsakaninsu, domin ya raba abubuwa uku da ke bi ta wurin: wutar da ke tashi a ɗakin ƙuna, da ruwan sanyaya inji, da baƙin mai. A da ana yin sa da haɗin zare da ƙarfe. Injinan zamani kuwa galibi suna amfani da mai fallayen ƙarfe biyu zuwa biyar.

A motocin da aka saba gani a yankin, irin su Golf 3 da tsohuwar Peugeot 504 wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975, bulok na baƙin ƙarfe ne, tofsilinda kuwa na alminiyam. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe. Saboda haka idan zafi ya wuce iyaka, tofsilinda kan karkace, matsin da ke danne gasket ya ragu a wani gefe, wuta ta sami kafa.

3.0 Dalilai da Alamomi

Ƙonewar gasket sakamako ce, cutar tana wani wuri dabam. Ruwan rijiya ko na burtsatse da ake ɗurawa a lagireto yana barin tsatsa da ɓawon gishiri masu toshe hanyoyin ruwa. Ƙurar hunturu tana cike ramukan lagireto ta waje. Murfin lagireto mai lafiya yana riƙe matsin da ke hana ruwa tafasa sai ya kai wajen digiri 120. Idan ya lalace, ruwan zai tafasa a digiri 100. Haka nan tsinkewar fanbel da mutuwar famfon ruwa. Akwai kuma al'adar cire tamostat da nufin rage zafi, wadda ɓoye matsalar kawai take yi.

Alamomin sun haɗa da farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya ɗumama, da baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, da kumfa a bakin lagireto, da ruwa mai ƙarewa ba a ga inda yake yoyo ba. Direban da ya ga allurar zafi ta hau, ya tsaya ya kashe inji. Kada ya buɗe murfin lagireto, kuma kada ya sheƙa ruwan sanyi, sai inji ya huce.

4.0 Matakan Sauyawa

Ana barin inji ya huce sarai, a tsiyaye ruwa da baƙin mai, a yi wa zaman taimin alama. Sannan a sassauta ƙusoshin tofsilinda daga gefe zuwa tsakiya, kaɗan-kaɗan. Bayan an kankare fuskokin biyu, sai a ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a auna karkacewa. A injina da dama abin da aka yarda da shi bai wuce milimita 0.05 zuwa 0.1 ba, wato kaurin gashi guda, abin da ido ba ya gani. Idan ya wuce haka, dole a kai tofsilinda wurin masu injin gurza. Ninka gasket biyu ko shafa gam ba ya miƙar da abin da ya karkace.

Ɗauri kuwa daga tsakiya yake farawa zuwa gefe, a zagaye biyu ko uku, da sifana mai awo, gwargwadon abin da kamfanin motar ya ƙayyade. Wasu ƙusoshin an yi su ne su miƙe sau ɗaya, ba a mayar da su. A ƙarshe a gyara abin da ya jawo zafin tun farko. In ba haka ba, an kashe maciji ba a sare kansa ba.

5.0 Harshen Gareji

Sunayen sassa kusan duk aro ne daga Ingilishi, amma sun bi tsarin sautin Hausa. Sautin /p/ ya koma /f/ a fistin da fulogi, /v/ ya koma /b/ a bawul, an kuma cusa wasali domin raba cunkoson baƙaƙe. Mai karin harshen yamma, wanda ke cewa hita da hura, yakan furta histin da hulogi. Aikatau kuwa na gida ne: kwance, kankare, gurza, ɗaure, huce.

Giɓin yana wajen awo. Yaron gareji yana koyo ne da ido da umarnin maigidansa, kuma "ɗaure shi tamau" bai bambanta ƙarfin da ya isa da wanda ya wuce ba. Kalmar ƙone ita ma tana ɗora laifi a kan faifan, har mai mota ya ɗauka sayen sabo ya wadatar. Maƙalar tana ba da shawarar ƙarfin ɗauri ga adadin murɗin da ake yi wa ƙusa, da jerin ɗauri ga tsarin bin ƙusoshi, da daidaiton fuska ga miƙewar tofsilinda, da matsin ruwa ga abin da murfin lagireto ke riƙewa.

6.0 Kammalawa

Gasket yana daɗewa ne idan an kiyaye ruwan inji kuma an yi ɗauri da awo. Jami'ar kimiyya da fasaha da Jihar Kebbi ta kafa a Aliero a 2006 tana kan wannan hanya da garejin suke. Idan injiniyoyinta da masana Hausa da kanikawa suka zauna tare, za a iya tattara kalmomin da ake da su, a gwada sababbin a bakin aiki, a fitar da ɗan littafin da yaron gareji zai karanta da harshensa.