Sabuwar Ma'aikaciyar Jinya a Zariya: Neman Aiki da Matsalolin Yau da Kullum

1.0 Gabatarwa

Masu iya magana kan ce, lafiya uwar jiki. Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti, ko ya yi jinyar wani nasa, ya san cewa likita zagaye yake yi ya wuce. Wadda take tsaye a kan maras lafiya dare da rana ita ce ma'aikaciyar jinya, wato nas. Sai dai akwai wani abin ɗaure kai game da wannan sana'a a yau. Asibitoci suna kukan ƙarancin nas-nas, a daidai lokacin da matasa da yawa suka kammala karatun jinya, ga lasisi a hannu, amma suna zaune a gida ba aiki. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa ke nan.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda hakan take faruwa, ta hanyar bin sawun sabuwar nas mazauniyar Hanwa, unguwar da take tsakanin Sabon Gari da Samaru a Zariya. An yi amfani da lamirin mace ne domin mata sun fi yawa a cikin sana'ar, amma bayanin ya shafi takwarorinsu maza.

2.0 Ma'anar Jinya da Asalin Sana'ar

A wurin Bahaushe, jinya ita ce ɗawainiya da maras lafiya, kamar ciyar da shi da tsaftace shi da ba shi magani da kwana kusa da shi har ya sami sauƙi. A gargajiyance aikin dangi ne, musamman uwa ko mata ko 'yar'uwa. Haihuwa kuwa ta ungozoma ce, kamar yadda karaya take ta maɗori, ƙaho kuma na wanzami.

Tarihin Musulunci ya ambaci Rufaida al-Aslamiyya, wadda ta riƙa jinyar waɗanda suka ji rauni a cikin wani tanti a Madina. Jinya a matsayin sana'ar da ake koyo a makaranta kuwa, ana danganta ta da Florence Nightingale, wadda ta buɗe makarantar horar da nas-nas a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Ranar haihuwarta, 12 ga Mayu, ita ce ranar ma'aikatan jinya ta duniya. A ƙasar Zazzau, asibitin mishan na Wusasa yana cikin wuraren da aka daɗe ana horar da ma'aikatan jinya. A 1979 ne dokar soja mai lamba 89 ta haɗa hukumar nas-nas da ta ungozomomi wuri ɗaya, aka sami Majalisar Nas-nas da Ungozomomi ta Nijeriya. Ita ce take shirya jarrabawar ƙwarewa, ta yi rajista, ta bayar da lasisi.

3.0 Hanyar Zama Nas

Hanyoyi biyu ne fitattu. Ta farko ita ce makarantar koyon jinya, irin ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ta Wusasa da ta jihar Kaduna da take Kafanchan. An daɗe ana yin wannan karatu cikin shekara uku, kafin a fara mayar da makarantun kwalejoji masu bayar da ƙaramar difloma da babba. Ta biyu ita ce digiri na shekara biyar a jami'a, wanda Jami'ar Ahmadu Bello take bayarwa. Mai digiri sai ta yi shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan ta tafi bautar ƙasa. Samun gurbin wannan shekara guda shi ne karo na farko da da yawa daga cikinsu suke ɗanɗana ɗacin jira, domin guraben ba su kai yawan masu nema ba.

Kowace hanya aka bi, ba a zama nas a idon doka sai an ci jarrabawar majalisa an karɓi lasisi. Shi ma lasisin ba na har abada ba ne. Ana sabunta shi lokaci-lokaci, bayan halartar kwasa-kwasan ƙarin ilimi da biyan kuɗi. Wato ke nan, ko nas tana da aiki ko ba ta da shi, sana'ar tana cin kuɗinta.

4.0 Wuraren da Ake Neman Aiki

Idan aka duba taswira, mazauniyar Hanwa ta dace da wurin zama. Daga Kwangila, mota ɗaya za ta kai ta Samaru, inda jami'a take da cibiyar lafiyarta. Gaba kaɗan a kan hanyar Funtuwa akwai Shika, inda Asibitin Koyarwa ya koma mazauninsa na dindindin a 2005. Ta ɗaya ɓangaren akwai asibitin tunawa da Manjo Ibrahim Abdullahi a Sabon Gari, da asibitin Hajiya Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan, da na Wusasa, da cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye. Ana iya kasa waɗannan wurare gida huɗu:

(a) Asibitocin gwamnatin tarayya. Su ne burin kowa, saboda albashi mai ɗan tsoka da fansho da damar ƙaro karatu a fannoni irin su tiyata da jinyar yara da ba da agajin gaggawa. Su ne kuma suka fi wuyar shiga.

(b) Asibitocin jiha da cibiyoyin lafiya matakin farko. Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kuma manufarta ita ce kowace mazaɓa ta sami cibiya guda mai aiki. A nan buƙata ta fi yawa, sai dai wadda aka ɗauka ba ta da zaɓin inda za a tura ta. Tana iya samun kanta a ƙauyen da ba gidan ma'aikata, ba wuta, ba likita.

(c) Asibitocin kuɗi da na mishan. Sun fi saurin ɗauka, amma albashi ya danganta da ciniki tsakanin mai asibiti da mai neman aiki.

(d) Aikin wucin-gadi da na sa-kai. Nas takan yi aiki a asibiti ba tare da takardar ɗauka ta dindindin ba, wani lokaci da ɗan alawus, wani lokaci ba ko sisi, don kada hannunta ya yi sanyi, kuma don a san fuskarta idan gurbi ya fito. Da babu gara ba daɗi.

5.0 Dalilan Wahalar Samun Aiki

Dalili na farko shi ne, buƙata daban, gurbi daban. Shugaban asibitin gwamnati yana iya ganin ɗakunansa ba isassun nas-nas, amma ba shi da ikon ɗaukar ko mutum ɗaya sai an ba shi izini daga sama, an kuma tanadi albashin a cikin kasafin kuɗi. A matakin tarayya akwai kuma ƙa'idar raba daidai tsakanin jihohi. Kafin takardu su gama zagaya ofisoshi, wasu ma'aikatan sun yi ritaya, wasu sun bar ƙasar, giɓin ya ƙara faɗi.

Dalili na biyu shi ne sharaɗin gogewa. Tallan neman ma'aikata yakan buƙaci wadda ta yi shekara biyu ko uku tana aiki, alhali sabuwar nas ba ta da inda za ta samo waɗannan shekaru in ba a ɗauke ta ba.

Na uku shi ne gogayya da waɗanda ba su yi karatun ba. Wasu ƙananan asibitocin kuɗi sukan koya wa yara allura da ɗaura ƙarin ruwa, su sa masu fararen kaya, jama'a na kiransu nas. Majalisa ba ta san da zamansu ba, amma da yake suna karɓar abin da bai taka kara ya karya ba, sai darajar mai lasisi ta faɗi a kasuwa. Asarar a nan ta maras lafiya ce kafin ta kowa.

Na huɗu shi ne ra'ayin da ya zauna a zukatan matasa cewa aiki sai mai uwa a gindin murhu. A 2023 Majalisar Wakilai ta kafa kwamitin binciken cinikin guraben aiki a ma'aikatun tarayya, abin da ya nuna cewa koken yana da tushe. 'Yan damfara kuma sun sami abin yi, suna karɓar kuɗin iyaye suna ba su takardun ɗauka na jabu.

6.0 Matsalolin Yau da Kullum

Samun aiki ba shi ne ƙarshen ɗawainiya ba. Aikin jinya karɓa-karɓa ake yi, safe da yamma da dare, kuma bai san Juma'a ko Lahadi ko Salla ba. Wadda ta tashi daga aikin yamma a Shika sai ta nemi motar da za ta sauke ta Kwangila da dare, sannan ta hau acaɓa ko keke zuwa gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya zama kaso mai nauyi a cikin albashi. Matar aure kuma tana buƙatar mijin da zai fahimci kwanan asibiti, da wanda zai riƙe mata goyo. Rashin waɗannan biyu ya raba mata da dama da sana'ar da suka sha wahalar koyo.

Sai yawan marasa lafiya. Idan nas biyu suka kwana a ɗaki cike da gadaje, ba yadda za a yi awon zazzaɓi da na hawan jini da raba magani da wankin ciwo da rubuta rahoto su gudana a kan lokaci. Gajiya kuwa ita take haifar da kuskure, ita ce kuma tushen faɗan da jama'a suke zargin nas-nas da shi. Duk da haka gajiya ba ta zama uzurin wulaƙanta maras lafiya ba, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma macen da aka daka wa tsawa a ɗakin haihuwa da wuya ta sake dawowa. A ɗaya ɓangaren, idan magani ya yanke ko likita ya yi jinkiri, nas ce a gaban dangi, ita take shan zagi, wani lokaci har da duka.

Akwai kuma haɗarin kamuwa da cuta. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na ƙasar Borno, ma'aikatan jinya na mishan ya fara kashewa. Tarin fuka da ciwon hanta da tsirewar allurar da aka yi wa wani amfani da ita, duk suna cikin abin da nas take fuskanta. Safar hannu da takunkumi da ruwan wanke hannu ƙananan abubuwa ne, amma rashinsu yana iya zama ajalin ma'aikaci.

Waɗannan koke-koke ne suka sa reshen ƙungiyar nas-nas da ungozomomi na asibitocin tarayya ya shiga yajin aikin gargaɗi a ƙarshen watan Yulin 2025. Daga cikin buƙatunsu akwai ƙarin alawus na aikin karɓa-karɓa da na kayan aiki, da ɗaukar ƙarin ma'aikata, da kafa sashen jinya mai zaman kansa a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya. An janye yajin bayan 'yan kwanaki, da aka zauna da gwamnati.

7.0 Ƙaura Zuwa Ƙasashen Waje

Wanda gida bai riƙe ba, waje za ta ɗauke shi. A watan Fabrairun 2024, magatakardan majalisar nas-nas na lokacin, Faruk Abubakar, ya bayyana cewa nas-nas fiye da 42,000 sun bar Nijeriya cikin shekara uku, fiye da 15,000 daga cikinsu a 2023 kaɗai. Ingila da Amurka da Kanada da Saudiyya suna cikin wuraren da ake nufa. A cikin watan ne majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai nas ta yi shekara biyu tana aiki kafin a tantance takardunta domin fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Hujjar masu zanga-zangar ita ce, ba adalci ba ne a hana mutum tafiya alhali ba a ba shi aiki a gida ba.

Illar wannan ƙaura ta fi faɗa wa sabuwar nas. Gogaggu ne suke tafiya, wato waɗanda ya kamata su tsaya a kanta su nuna mata yadda ake gane yaron da numfashinsa ya fara sauyawa, ko mai jegon da jini yake neman ƙwace wa. Irin wannan ilimi a bakin gado ake koyonsa. Idan babu manya, sai a wayi gari 'yar shekara guda a aiki ita ce babba a ɗaki.

8.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, an ga cewa ƙarancin nas-nas a asibiti da zaman kashe wando na sababbin nas-nas matsala ɗaya ce. Makarantu suna yaye ɗalibai, amma hanyar da za ta kai su bakin gadon maras lafiya ta yi ƙunci, waɗanda suka samu suka shiga kuma ba a riƙe su da kyau ba. Gyara yana buƙatar a maye gurbin duk wanda ya bar aiki ba tare da dogon jira ba, a riƙa tallata gurabe a fili, a hana waɗanda ba su da lasisi amsa sunan nas, a kuma tanadi masauki da kayan kariya ga waɗanda aka tura karkara. Ita kuwa sabuwar nas ta Hanwa, abin da yake hannunta shi ne ta kiyaye lasisinta, ta guji mai neman kuɗi da sunan samo mata aiki, ta haɗa da karatun ungozoma ko wani fanni idan da hali, kuma kada ta raina ƙaramar cibiya. A can ne ake fara ganin mai naƙuda da yaro mai zazzaɓi, kuma hannun da ya gogu a can yana da amfani a kowane asibiti.