Real da Barsa: gardamar da ke haɗa ƴan ci-rani da gida

Duk daren da Real Madrid za ta kara da Barcelona, gidajen kallo na cika tun daga Tasawa da Maijirgi har Mayahi da Kanambakashe. A daidai wannan lokaci ƴan uwanmu da ke ci-rani a Tamanrasset, Tirabulus, Abijan ko Legas su ma suna gaban talabijin. Da an tashi wasa sai saƙonnin murya su fara shigowa ta WhatsApp: "Yaya, ina gwanayen naka?" Wanda ya yi wata bai kira gida ba, a daren nan sai an ji muryarsa.

To daga ina wannan hamayya ta samo asali? An kafa Barcelona a 1899, Real Madrid kuma a 1902. Madrid ce fadar gwamnatin Sipaniya, Barcelona kuwa babban birnin Kataloniya ce, yanki mai harshensa da al'adarsa. Zamanin mulkin Janar Franco, daga 1939 zuwa 1975, an takura wa harshen Kataloniya, sai mutanen yankin suka mai da ƙungiyarsu tutar asalinsu. Wato a can rigimar ta siyasa ce tun kafin ta zama ta ƙwallo.

Mu kuwa ta wata ƙofa muka shigo: ƴan wasan Afirka ne suka jawo mu. Samuel Eto'o na Kamaru ya buga wa Barsa daga 2004 zuwa 2009, ga Yaya Toure, ga Seydou Keita na Mali. Waɗanda suka yi ci-rani a Najeriya da yawansu sun dawo da son Arsenal saboda Kanu, ko Chelsea saboda Drogba da Mikel. Sau tari ƙasar da mutum ya fara zuwa nema ita ke zaɓa masa ƙungiya, ƙannensa kuma su gaji rigar da ya kawo tsaraba.

Kowane ɓangare na da abin tsokana. Ƴan Real na tinƙaho da kofin zakarun Turai 15, Barsa na da 5. Ƴan Barsa sai su tuna musu kakar 2024/2025, da suka haɗu sau huɗu Barsa ta cinye duka, har da 4 da nema a gidan Real. A wajenmu wannan tamkar wasan taubasai ne, irin na Bakatsine da Bagobiri: a zolayi juna, a yi dariya, a sha shayi tare.

Amma fa abin da ke raha a Tasawa yana iya zama tashin hankali a baƙon wuri. Ƙasashen da kuke zaune suna da tasu hamayyar mai zafi: Al-Ahli da Al-Ittihad a Tirabulus, ASEC da Africa Sports a Abijan, Hearts of Oak da Asante Kotoko a Gana. Baƙo bai san inda gizo ke saƙa ba, gara ya ja bakinsa. Idan gardama ta kai ga dambe, ƴan sanda takardu za su fara tambaya. Wanda ba shi da su, musamman a Aljeriya, yana iya tsintar kansa cikin waɗanda ake korowa ta Asamaka, guminsa na shekara ya salwanta a kan bugun fenariti.

Sai kuma cacar ƙwallo ta salula. Jaka ɗaya yau, biyu gobe, kafin ka ankara kuɗin hatsin da iyali ke jira lokacin bazara sun tafi.

Don haka ƴan uwa, ku ci gaba da kallo, ku ci gaba da tsokana. In kun kira don yi wa ƙane dariya, ku ce ya miƙa wa Inna wayar ku gaisa. Allah ya tsare mana ku, ya maido ku gida lafiya.