Idan Mai Sana'a Ya Kwanta Ciwo

A ƙasarmu ta Ruma, daga Batsari har Safana, yawancinmu manoma ne, amma kusan kowa yana da 'yar sana'ar da yake haɗawa da noma. Wani tela ne, wani mai shayi, wani mai tebur, wani kuwa sarin rogo yake yi ya kai kasuwa. Mata suna ƙuli-ƙuli da daddawa da ƙosai. Irin wannan sana'a mutum ɗaya ke riƙe da ita. Shi ne mai saye, shi ne mai sayarwa, shi ne ma'aji. To, ran da ya kwanta ciwo fa, wa zai buɗe rumfa?

Ciwo ba ya sallama. Kowace damina zazzaɓin cizon sauro yakan kwantar da mutane da yawa. A 2021 kuma mun ga annobar amai da gudawa a Jihar Katsina.

Mu ɗauki misalin mai tebur. A ce ya kwanta kwana 20. Masu cinikinsa sun koma wani tebur. Mutane sun ci bashinsa, amma lissafin duk yana cikin kansa, iyalinsa ba su san wanda za su bi ba. Ubangidansa na Katsina, mai ba shi kaya, ya ji shiru, har ya fara zargi. A gida kuwa an ɗebi uwar kuɗi an sayi magani da abinci. Ga shi ya warke, amma ba jari. Ciwon kwana 20 ya jawo wahalar shekara.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ga abubuwa huɗu da za mu yi tun muna da lafiya.

Na farko, mu buɗe littafin bashi. A gefe ɗaya mu rubuta waɗanda muke bi, a ɗaya gefen waɗanda ke binmu. Kowane layi a sa suna, da kaya, da kuɗi, da rana. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne, in dai wani zai iya karantawa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, watau aya ta 282 ta Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Kada mu ce ai kome yana cikin waya. Waya takan faɗi, takan lalace. Mun tuna a watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a Batsari da Safana saboda 'yan bindiga, aka daɗe ba mai iya kiran wani. Takarda ba ta neman caji.

Na biyu, mu naɗa wakili. Ɗa ne, ko ƙane, ko mata, ko maƙwabci, a dai sami mai amana. Mu koya masa farashin kaya, da inda muke sari, da wanda ake ba bashi da wanda ba a ba. Mu kai shi wurin ubangidanmu su gaisa, su san juna. Sa'an nan mu gwada shi. Sau ɗaya a wata mu bar masa rumfa wuni guda, da yamma mu zauna mu yi lissafi tare. In ya yi kuskure yau muna nan, gyara ne. In sai muna kwance ya yi, hasara ce.

Akwai sana'ar da ba a koyo cikin mako guda, kamar ɗinki ko ƙira. A nan sai tela ya yi alkawari da tela ɗan'uwansa: in ka kwanta na ƙarasa maka ɗinkin mutane, in na kwanta ka ƙarasa mini. Yadda muke gayya a gona ke nan.

Na uku, mu raba kuɗin ciwo da uwar kuɗi. Wanda yake ajiye naira 300 kullum, cikin kwana 30 ya tara naira 9,000. Wannan ba na biki ba ne, ba na suna ba ne. Adashi yana da kyau, amma kwasa tana da ranarta, ciwo kuwa ba shi da rana. Saboda haka tun ran da za a fara zubi, a yi magana da uwar adashi cewa wanda ya kwanta a ba shi kwasa ta gaba. Kada kuma mu tara kome wuri ɗaya. A farkon 2023, da aka canja takardun naira, masu kuɗi a banki sun sha wuya kafin su sami na hannu. Mu bar kaɗan a banki, kaɗan a gida, da buhun hatsi a ɗaki. Lambar sirri ta katin banki kuwa, kada a rubuta ta a jikin katin.

Na huɗu, mu tafi asibiti da wuri. Da yawanmu mukan daure, muna jin tsoron rufe rumfa wuni ɗaya, har mu rufe ta wata guda. In jiki ya yi zafi, a je a gwada jini, a sha magani har ya ƙare yadda ma'aikacin lafiya ya faɗa. Wakili kuma ya sanar da ubangida da masu ciniki, don kada shiru ya jawo zato.

Ga aikinmu na wannan mako. Kowa ya samo ɗan littafi, ya ja layi a tsakiyar shafin farko, ya rubuta sunayen waɗanda yake bi da waɗanda ke binsa. A bangon littafin ya rubuta sunan wakilinsa. Ran da za mu sake haɗuwa a aji, mu zo da shi. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.